Kogin Lantarki a Saman Gaya da Ajingi: Yadda Rana ke Sarrafa Maganaɗisun Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda iskar Rana da kwararar lantarki ta sararin samaniya suke sauya ƙarfi da siffar maganaɗisun da ke kewaye da duniya. An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, a matsayin wurin tsayawa, saboda tana ƙarƙashin wani siririn zirin lantarki da ke kwarara a sama kowace rana. An gabatar da bayanin da Hausa tsantsa, tare da hujjar zaɓen wasu kalmomin fannu.

1.0 Gabatarwa

Riwayar da ta shahara game da kafuwar Kano ta ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, kuma daga nan ake jingina Abagayawa da asalin birnin. Ko mene ne matsayin wannan riwaya a wurin masana tarihi, ta nuna daɗaɗɗiyar alaƙar mutanen yankin da ƙarfe. Akwai kuma wata alaƙar da ba a cika ambato ba. Garin Gaya yana kusa da digiri 12 arewa da ikweta da digiri 9 gabas, Ajingi kuma tana ɗan arewa da shi. Wannan matsayi ya sa garuruwan biyu sun faɗo kusa ƙwarai da layin da allurar maganaɗisu, idan an rataye ta yadda za ta iya sunkuyawa, take kwanciya sambal ba tare da ta karkata sama ko ƙasa ba. A saman wannan layi, nisan kimanin kilomita 105 daga doron ƙasa, wutar lantarki tana kwarara daga yamma zuwa gabas tun daga hantsi har zuwa la'asar. Manomin da ke noma a Ajingi ba ya jin ta a jikinsa, amma na'urar awon maganaɗisu tana ganin ta ƙarara.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa Rana tana taɓa maganaɗisun wannan yanki ta hanyoyi biyu mabambanta: ta haskenta, wanda aikinsa ke da tsari kamar fitowarta da faɗuwarta, da kuma ta iskarta, wadda ke zuwa ba sallama. Rashin bambance su shi ne tushen yawancin ruɗanin da ake samu a rahotannin kafafen watsa labarai na Hausa duk lokacin da aka ce “guguwar rana” ta taso.

2.0 Kalmomin da Aka Zaɓa

Bahaushe yana da suna biyu ga dutsen ko ƙarfen da ke jan ƙarfe: maganaɗisu, wanda aka aro daga Larabci, da mayen ƙarfe, wanda ƙirƙira ce ta cikin gida. Na biyun ya fi armashi, amma ya taƙaita ga jan ƙarfe, alhali abin da ake magana a nan ya fi shafar juya allura da karkatar da ƙwayoyin lantarki. Saboda haka aka riƙe maganaɗisu. Yankin da ƙarfinsa ke aiki kuwa wasu masu fassara suna kiran sa fili. A ganina fage ya fi dacewa, domin fili shimfiɗaɗɗen wuri ne wanda zai iya zama fayau, fage kuwa wuri ne da ake yin wani aiki a cikinsa, kamar fagen dambe ko fagen fama.

Kalmar da ta fi ba da wahala ita ce iskar Rana. Rana a Hausa tana nufin tauraruwar, tana kuma nufin yini, don haka mai sauraro zai iya ɗauka iskar da ke kaɗawa da tsakar rana ake nufi. Ita ma iska tana da wata ma'anar da masu nazarin bori suka fi kowa sani. Na yi tunanin hucin Rana, wanda ya fi kusa da haƙiƙanin abin, sai dai huci yana sa a tuna da zafi, zafin da muke ji kuwa haske ne ke kawo shi. A ƙarshe an bar iskar Rana, ana rubuta Rana da babban baƙi. Layin da aka ambata a gabatarwa an kira shi ɗamarar maganaɗisu, zirin lantarkin da ke bin sa kuma kogin lantarki.

3.0 Daga Cikin Ƙasa Zuwa Rumfa

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na maganaɗisun da ake aunawa a doron ƙasa daga can cikin duniya yake fitowa. A zurfin kimanin kilomita 2,900 akwai narkakken ƙarfe da ke motsi, motsin nan ne ke haifar da lantarki, lantarkin kuma ya haifar da maganaɗisu. Ba wani ƙaton mayen ƙarfe aka binne a tsakiyar duniya ba. Maƙeri ma zai iya tabbatar da haka a maƙerarsa: ƙarfen da ya yi ja a wuta, da zarar zafinsa ya haura digiri 770, maganaɗisu ba ya kama shi. Ana auna ƙarfin fagen da ma'aunin nanotesla, kuma a faɗin duniya yana tsakanin 25,000 da 65,000. A ƙasar Kano yana wajen 34,000.

Da a ce sarari fanko ne, da wannan fage ya bazu daidai ta kowace fuska. Amma Rana tana fesa ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, galibi furoton da elektron, ba dare ba rana. Eugene Parker ne ya yi hasashen wannan iska a 1958, kumbon Mariner 2 kuma ya tabbatar da ita a 1962. Gudunta na yau da kullum kimanin kilomita 400 ne a daƙiƙa, yakan kuma kai 800. Hasken Rana yana iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, iskar kuwa takan yi kwana huɗu a hanya. Siririya ce ƙwarai, ƙwaya biyar ko makamancin haka a ɗan wurin da bai fi kan yatsa ba, amma duk da haka tana matse fagen duniya ta ɓangaren da ke fuskantar Rana har ya tsaya a nisan da ya kai rabin kaurin duniya sau goma, wato wajen kilomita 64,000. Ta ɓangaren dare kuma tana jan sa ya yi doguwar jela da ta wuce falakin wata. Wannan siffa mai goshi da jela ita ce rumfar maganaɗisu. An fi son rumfa a kan garkuwa da ake yawan amfani da ita, saboda rumfa tana tare rana amma iska na ratsa ta, kuma haka abin yake.

Duk inda fagen maganaɗisu ya lanƙwashe ko ya tsaya, to akwai lantarkin da ke kwarara a wurin. A goshin rumfa akwai kwararar da Sydney Chapman da Vincenzo Ferraro suka yi bayaninta a 1931. A cikin jela akwai wata. A can ciki, nisan rabin kaurin duniya sau uku zuwa takwas, akwai kwarara mai siffar zobe da ke kewaya duniya ta nufi yamma. Akwai kuma waɗanda ke bin layukan fage su sauko yankunan ƙanƙara na arewa da kudu, waɗanda Kristian Birkeland ɗan ƙasar Norway ya yi hasashensu a 1908. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da nata ɗan maganaɗisun, kuma abin da na'ura za ta nuna a Gaya jimillarsu ce a kan na cikin ƙasa.

4.0 Kogin da ke Saman Ɗamara

Kwararar da ta fi kusa da mu, wadda kuma ta fi kowace tasiri a ranar da babu hargitsi, ba iskar Rana ce ke tuƙa ta ba. Daga nisan kilomita 90 zuwa sama, hasken Rana mai kaifi yana ɓamɓare elektron daga ƙwayoyin iska, sai wurin ya zama mai iya ɗaukar lantarki. Wannan sashe yana cikin ayonosfiya. Zafin Rana kuma yana sa iskar sama ta yi tashi da sauka mai tsari, kamar tumbatsa da janyewar teku. Idan iska mai ɗaukar lantarki ta ratsa fagen maganaɗisu, sai ta zama tamkar janareta. Tun a 1722 George Graham, wani mai ƙera agogo a Landan, ya lura allurar kamfas tana ɗan motsi a kullum, Balfour Stewart kuma ya danganta motsin da lantarkin sama a 1882.

A yawancin wurare wannan sauyi na yini 'yan gomomin nanotesla ne. Da aka buɗe tashar awo a Huancayo ta ƙasar Peru a 1922, sai aka ga sauyin can ya ninka na sauran wurare fiye da sau biyu. Huancayo tana kan ɗamara. Chapman ne ya raɗa wa abin suna a 1951.

Dalilin wannan ƙarfi yana cikin kwanciyar layukan fage. A kan ɗamara layukan suna kwance, sun miƙe daga kudu zuwa arewa. Janaretan sama yana samar da turin lantarki mai fuskantar gabas da rana. Ƙa'ida ce cewa ƙwaya mai caji, idan ta samu kanta tsakanin turin da ya nufi gabas da fagen da ya nufi arewa, sama take yi. Elektron ba su da nauyi, don haka suna tashi. Ƙwayoyin ayon kuwa, a wannan tsayi na kilomita ɗari da 'yan kai, suna yawan karo da ƙwayoyin iska, sai su kasa bin su. Ke nan caji iri ɗaya ya taru a sama, kishiyarsa ya rage a ƙasa, sai wani sabon turi ya samu a tsaye wanda ya ninka na farko sau da yawa. Shi wannan sabon turi ne ke kora elektron yamma da ƙarfi, tafiyar elektron yamma kuwa ita ce kwararar lantarki gabas. Da an gusa digiri uku arewa ko kudu, layukan sun fara karkata, cajin da ya taru sai ya zurare ta kansu, ƙarfin ya karye. Shi ya sa kogin siriri ne, faɗinsa bai wuce kimanin kilomita 600 ba.

Lantarkin da ke tafiya gabas a saman mutum yana ƙara wa fagen da ke ƙasa ƙarfi ta fuskar arewa. Na'urar da aka ajiye a ƙarƙashin kogin za ta nuna ƙarfin ya fara hawa bayan fitowar rana, ya ci gaba da hantsi da walaha, ya kai ƙololuwa daf da zawali da ƙarin da kan kai nanotesla 100 ko fiye, sannan ya sauka da la'asar, ya koma matsayinsa bayan magariba. Idan aka kwatanta da 34,000, ƙarin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wani lokaci kuma kogin yakan juya ya nufi yamma na 'yan sa'o'i, galibi da safe ko da yamma, al'amarin da Pierre Gouin ya fara bayyanawa daga awon Addis Ababa a 1962.

Nijeriya tana da kaso mai tsoka a tarihin wannan bincike, ko da yake ɗaliban Arewa ƙalilan ne suka sani. Jami'ar Ibadan ta yi awon maganaɗisu tun shekarun 1950, kuma a nan Cyril Onwumechili ya gina aikin da ya kai shi ga wallafa cikakken littafi a kan kogin a 1997. Rosemary Hutton, 'yar ƙasar Sikotland, ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960, ta kuma yi nazarin kogin da lantarkin da yake tayarwa a cikin ƙasa. Daga 1992 zuwa 1994 an jera tashoshi goma daga kudancin Kwaddibuwa zuwa Tumbuktu domin a auna faɗin kogin da tsakiyarsa. A wannan ƙarni, shirin MAGDAS na Jami'ar Kyushu ta Japan ya kafa na'urori a Legas da Ilori da Abuja, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa kuma tana da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba ta Jihar Kogi.

Akwai abin lura a nan. Ɗamarar ba a kafe take ba, domin narkakken ƙarfen da ke cikin duniya yana ta sauya salo. A shekarun 1960 karkatar allura a Ibadan wajen digiri 6 ce ta kudu, wanda ke nuna ɗamarar tana kusa da digiri 10 arewa. Tun daga lokacin take ta matsowa arewa sannu a hankali, har ta iso yankin da ke tsakanin Zariya da Kano. Legas da Ilori da Abuja duk suna kudu da ita.

5.0 Ranar da Iskar Rana ta Ƙwanƙwasa

Iskar Rana tana ɗauke da nata fagen maganaɗisun. James Dungey ya nuna a 1961 cewa idan wannan fage ya fuskanci kudu, wato ya saba da na duniya da ke fuskantar arewa a goshin rumfa, layukan biyu suna tsinkewa su ƙullu da juna, sai ƙofa ta buɗe, makamashi ya kwararo ciki. Idan Rana ta yi aman wani ƙaton curin ƙwayoyi ya nufo duniya, kuma fagensa ya daɗe yana fuskantar kudu, sai a samu guguwar maganaɗisu.

A ƙarƙashin ɗamara guguwar takan zo mataki-mataki. Da farko curin yana dukan goshin rumfa ya matse shi, sai ƙarfin fage ya yi tsalle cikin 'yan mintuna, kuma idan da rana ne kogin yana ƙara wa tsallen girma. Daga nan kwarara mai zobe ta cika da ƙwayoyi, kuma da yake yamma take tafiya, sai ta rage ƙarfin fage a duk ƙasashe masu zafi na tsawon sa'o'i, ya yi kwanaki kafin ya farfaɗo. Ma'aunin da ake auna girman guguwa da shi, mai suna Dst, wannan raguwa yake ƙirgawa, daga tashoshi huɗu a Afirka ta Kudu da Japan da Hawai da Puerto Rico. Da gangan aka zaɓe su nesa da ɗamara, don kada kogin ya gurɓata lissafi. A guguwar 13 ga Maris 1989, wadda ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na sa'a tara, raguwar ta kai nanotesla 589. A ta 10 da 11 ga Mayu 2024 ta haura 400.

A tsakanin haka turin lantarki daga yankunan ƙanƙara yana iya kutsowa har ɗamara cikin ƙiftawar ido, ya ƙara wa kogin ƙarfi ko ya juya shi. Bayan wasu sa'o'i kuma iskar sama da guguwar ta ɗumama a can takan iso ta rikita janaretan yini. A nan ne hanyoyin Rana guda biyu suke haɗuwa a cikin kogi ɗaya, kuma raba su shi ne babban aikin masu bincike a wannan fanni.

6.0 Abin da Ya Shafi Mutanen Yankin

Tambayar farko da malami a Gaya zai yi ita ce ta alƙibla. Daga Gaya alƙibla tana kusa da digiri 68 daga arewa ta gaskiya zuwa gabas. Bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya a ƙasar Kano a yanzu bai kai digiri biyu ba, kogin kuma ƙarfin fage yake sauyawa fiye da fuskarsa, juyin da yake yi wa allura ɗan ɓangare ne na digiri ɗaya. Ƙarfen rodi a bangon masallaci, ko lasifikar da ke kusa, sun fi duk wata guguwar sama karkatar da kamfas ɗin wayar hannu.

Rediyo kuwa abin ya shafe shi kai tsaye. Shirye-shiryen gajeren zango, waɗanda Hausawa suka saba da su tun da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, ayonosfiya ce ke maido da su ƙasa bayan sun tashi. Idan Rana ta yi walƙiya mai ƙarfi, ƙasan ayonosfiya yakan shanye muryar da rana tsaka, tasha ta ɗauke na mintuna ko sa'a guda, mai rediyo ya yi ta zargin batir.

Wanda ya fi muhimmanci a yau shi ne na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, wato GPS. Turin nan na gabas da ke tuƙa kogin yana kuma ɗaga ƙwayoyin saman ayonosfiya su tashi a kan ɗamara, su zubo arewa da kudu wajen digiri 15, kamar ruwan da aka fesa sama. Da faɗuwar rana turin yakan ƙaru na ɗan lokaci, sai ƙasan ayonosfiya ya yi kumfa, manyan ramuka marasa ƙwayoyi su yi sama. Saƙon tauraron da ya ratsa su yana rawa, wani lokaci ya tsinke. A Afirka abin ya fi yawa daga bayan magariba zuwa tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da Rana ke ganiyar zagayenta na kimanin shekara 11, kamar 2024. Mai awon filaye da ke shata iyakar gona a Ajingi da na'ura mai neman daidaito na 'yan santimita, gara ya gama aikinsa da safe. A yankin da rikicin iyakar gona da na burtali ke kai mutane gaban alƙali, kuskuren mita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun wutar lantarki, inda ya kamata a yi taka-tsantsan. Fagen da ke sauyawa da sauri yana tayar da lantarki a cikin ƙasa da dogayen wayoyi, wanda kan shiga taransifoma ya ɗumama ta. An daɗe ana ɗauka matsalar ƙasashen sanyi ce, har sai da aka danganta lalacewar wasu manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu da guguwar Oktoba 2003. A 2015 Brett Carter da abokan aikinsa suka nuna cewa kogin yana ƙara saurin sauyin fage a ƙarƙashinsa, ko da dukan da iskar Rana ta yi bai kai ya zama guguwa ba. Wannan bai ba kowa hujjar ɗora wa Rana laifin ɗaukewar wuta a Kano ba, domin sanannun dalilai na ƙasa sun isa su bayyana ta. Abin da binciken ya nuna shi ne dogayen layukan da ke ratsa Arewa suna cikin yankin da ya cancanci a sa masa ido, kuma ba a sa ido sai da awo.

Taurarin Swarm na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, da aka harba a Nuwamba 2013, suna ratsa ɗamara sau da yawa a yini, amma kowane ratsawa na 'yan mintuna ne kuma a wuri dabam. Abin da ke nuna yadda kogin ke tashi da sauka a wuri ɗaya, minti bayan minti, na'urar ƙasa ce. Buƙatunta ba su da yawa: ɗan rami nesa da titi da manyan wayoyi da rufin kwano, faifan sola, da wanda zai riƙa duba ta. Karkarar Gaya da Ajingi tana da irin wannan wuri, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil kuma tana maƙwabtaka da ita. Ana gane ƙarfin kogin ne ta hanyar ɗebe awon tashar da ke wajensa daga awon wadda ke ƙarƙashinsa, kuma an taɓa kafa irin ta wajen a Legas.